Ranar da na dafa ruwan bishiya a kicin ɗin Maman Nana

Duk wanda ya taɓa ɗaukar gwangwanin zumar mapul a kantin Kanada ya ga kuɗin da aka liƙa masa, ya san yadda ake mayar da kaya a hankali kamar ba a gani ba. Ni kuma gidan da muke haya a gefen Otawa akwai bishiyar mapul har biyu a baya, manya manya, irin wadda ganyenta ke jikin tutar ƙasar, ba abin da suke tsinana min sai zubar da ganye ina shara. To Bakano ne ni fa, ba zan ga kuɗi a tsaye a bayan gida in wuce ba.

Wanda ya ƙara zuga ni maƙwabcina ne, wani dattijo ɗan Kwibek da muke ce wa Baba. Shi ya ce min lardinsu ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar mapul ta duniya, har rumbun ko-ta-kwana suke da shi, kuma tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka yashe kusan tan 3,000 daga ciki, kayan sama da dalar Kanada miliyan 18, suna kwashe zumar suna ɗura ruwa a gangunan. Nace kai, abin da ake sata da manyan motoci shi ne ni nake share ganyensa?

Baba ya ara min bokitai da ƴan famfunan da ake cusawa, muka huda kowace bishiya kamar zurfin santimita 5. Yace sirrin yana ga yanayi, sai dare ya daskare rana kuma ta ɗan saki sannan ruwan ke gudu, shi ya sa harkar ta ƴan makonni ce wajen Maris zuwa Afrilu, da bishiya ta fara toho ɗanɗanon ya ɓaci. Ya kuma faɗi abu biyu da suka shiga ta kunnen dama suka fita ta hagu saboda lokacin ina lissafin riba: wai lita 40 na ruwan ke ba da lita 1 ta zuma, kuma a waje ake dafawa.

Azumin 2025 a cikin Maris ya faɗo, saboda haka ruwan da ya fara ɗiga sai da na jira aka sha ruwa kafin in ɗanɗana. Na kurɓa, na sake kurɓa, na miƙa wa uwargida. Ta kurɓa tace, "Abban Nana, tsakaninka da Allah ba famfo ka je ka taro ba?" Zaƙin da ke ciki bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, sai ka rufe ido ka kyautata zato sannan ka ji shi.

Haka na yi ta tarawa a robobi ina binnewa cikin dusar ƙanƙara kar ya yi tsami, har ya kai lita 40 ɗin nan. Ranar Asabar bayan asuba na leƙa waje, iska ta mare ni, nace haba, mutum da azumi a bakinsa ya tsaya cikin wannan sanyin yana hura wuta alhali ga kuka mai kai huɗu a kicin? Na sauko da manyan tukwanen Maman Nana na kayan aure, waɗanda sai suna ko Sallah ake taɓa su, na jera.

Jama'a, idan lita 40 za ta koma lita 1, sauran 39 ɗin dole su samu wurin zuwa, kuma cikin gidanmu suka zaɓa. Kafin azahar tagogi sun rufe ruf, silin na ɗigo mana a ka, Nana ta fito daga ɗaki tana laluben bango tana kiran Mama, ƙofofin kabet duk sun yi danƙo, sannan takardar adon bangon korido, wadda mai gida ya ja min kunne a kanta ranar da muka tare, ta ɓanɓaro daga sama ta sunkuyo a hankali har ƙasa. Maman Nana ta tsaya bakin ƙofa da carbi a hannu ba ta ce komai ba, wallahi da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Wajen la'asar na haɗe sauran a tukunya ɗaya, ya yi ja, ƙamshi ya cika gida, ga yunwa ga ba halin lasa. Ina juya baya sai kumfa ta taso ta malale kan kuka, hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauki ihu. Baba ya shigo da gudu da takalman ƙanƙararsa, ya ɗauki man gyaɗa ya ɗiga ɗigo ɗaya tak, kumfar nan ta kwanta luf. Yace kakanninsu kitsen alade suke ratayawa saman tukunya don wannan aikin. Nace Baba mu tsaya a man gyaɗan. Ya tsoma ma'aunin zafi yace ya kai digiri 104, ta zama zuma, ka sauke ka gode wa Allah.

Amma ni sukari na yi niyya, don Baban da kansa ya ce ƴan asalin ƙasar, su Anishinabe, tun kafin zuwan Turawa sukari suke mayar da shi su adana a kwandunan ɓawon bishiya saboda ya fi jure ajiya. Yace to sai ya kai wajen digiri 125, ka sauke ka yi ta tuƙawa ba tsayawa har ya wargaje ya zama gari. Ba tsayawa fa, ya maimaita, ya tafi abinsa.

Na sauke, na ɗauko muciya na kama tuƙi, ya fara kauri yana yin haske, hannuna na rawa, daidai nan waya ta kira sallar magariba. Wanda ya wuni cikin tururi bai sha ruwa ba ai ba a yi masa wa'azin gaggauta buɗa baki. Na soke muciyar a tsakiya nace minti biyar. Dabino, ruwa, sallah, ƙosai ya ratso, da na dawo na kama muciya na ɗaga sai tukunyar ta biyo ta gaba ɗaya. Mazarƙwaila sak, sai dai wannan mai mariƙi ce. Nana tace, "Abba, alawar sanda ka yi mana?"

Da guduma da sukudireba na haƙo shi bayan tarawi, gutsattsari na tashi har falo, gindin tukunyar ya lotsa wuri biyu, muciyar kuma ta karye. Muka daka a turmi muka tankaɗe, abin da ya fito bai kai kilo ɗaya ba. Amma maganar gaskiya, daɗi kam akwai, a kunun gyaɗa yana ba da wani ƙamshi mai ɗan ƙauri-ƙauri da farin sukari ba shi da shi, a shayi ma haka, har Maman Nana ta ƙara cokali na biyu tana harara ta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, bil ɗin lantarki da kuɗin mai gyaran bango da sabuwar tukunya da na haɗa sun isa sayen katan guda na gwangwanin da nake gudu a kanti.

Maman Nana ce kuma ta kai labari gida. Ranar Sallah Hajiya ta kira tace, "Ashe sukari kake nomawa a can ba ka faɗa ba? In ka samu mai zuwa ka aiko min buhu ɗaya, in ɗan raba wa maƙwabta." Na zauna na buga lissafi, buhu mai kilo 50 sai an dafe ruwa sama da lita 2,000, kowace huda kuma kusan lita 40 take bayarwa a shekara. Nace Hajiya, da bishiyoyin nan biyu sai kin ba ni kamar shekara 30.

Tace, "To kar ka takura kanka, rabin buhu ma ya isa."