Wa ya kamata ya ɗora tukunya a gidan makoki?

Al'adar da muka taso muka tarar a ƙasar Hausa ita ce, idan aka yi rasuwa, maƙwabta da dangi ne suke ɗaukar nauyin ciyar da gidan mamaci. Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta, kwanukan tuwo da kunu sun fara shigowa daga gidajen unguwa, ba tare da an roƙi kowa ba. Wannan al'ada tana da tushe a addini, domin lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su.

Abin da yake damuna shi ne yadda muka juya lamarin, musamman a birane. Yanzu waɗanda aka yi wa rashi ne suke hayar rumfa da kujeru, su sayi buhun shinkafa da ruwan leda, su kwana suna girki domin masu zuwa ta'aziyya, wasunsu ma da bashi, don kawai kada a ce sun gaza. Matar da ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, wadda ba ta san da me za ta ciyar da yaranta a wata mai zuwa ba, ita ce ake tambaya ko abinci ya isa baƙi.

Mafi muni kuma, sau da yawa daga abin da mamacin ya bari ake cire kuɗin, alhali Suratun Nisa'i ta bayyana cewa bashi da wasiyya ne kan gaba, sannan haƙƙin magada, waɗanda galibi akwai marayu a cikinsu. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, amma babu ɓangaren da ya halatta cin dukiyar maraya.

Ina roƙon limamai da masu unguwanni su riƙa sanarwa a wurin jana'iza cewa ciyar da gidan mamaci yana wuyan maƙwabta. Wanda ya zo gaisuwa kuma, in ba daga nesa ya taho ba, ya yi addu'a ya tashi kafin lokacin cin abinci.