Mun gaji da haddar kalmomin sirri

Daren jiya na ɓata kusan awa guda ina fama da shafin da ake biyan kuɗin makarantar 'yata, domin ya dage cewa kalmar sirrina ba daidai ba ce. Da na nemi sabuwa, sai aka gindaya mini sharaɗi: babban baƙi, ƙaramin baƙi, lamba da alama, kuma kada ta yi kama da tsohuwar, wato wadda na riga na manta! Daga nan aka ce an turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya, na fita tsakar gida ina ɗaga waya sama ina neman sabis, amma lambar ba ta iso ba sai da wa'adinta ya wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an taɓa samo maganin wannan azaba, aka yi masa riƙon sakainar kashi. A 2011 Mozilla, masu burauzar Firefox (manhajar buɗe shafukan intanet), suka fito da wani tsarin shiga shafuka mai suna BrowserID, wanda daga baya ya koma Persona. Adireshin imel ɗinka shi ne shaidarka: mai ba ka imel zai miƙa wa burauzarka takardar shaida mai sa hannu, ita kuma ta nuna wa shafin da kake son shiga, shafin ya tantance sa hannun ya buɗe maka ƙofa. Shafin ba ya ajiye wata kalmar sirri balle ɓarayi su sace ta, mai imel ɗin kuma bai san inda ka shiga ba. Manyan kamfanonin imel ba su rungumi tsarin ba, masu shafuka kuma suka gwammace maɓallin shiga da Facebook ko Google, wanda ke kawo musu bayanan jama'a a ɓagas, har aka rufe Persona a ƙarshen Nuwamban 2016.

Tun 2022 Apple da Google da Microsoft suka amince da tsarin passkey, inda zanen yatsa ke buɗe mabuɗin da ke cikin wayarka, duk da cewa ajiyarsa galibi tana hannun waɗannan kamfanoni ne. Ko wannan ɗin ma shafin makarantar bai san da zamansa ba. Sabuwar kalmar sirrin tana nan na rubuta ta a bayan kalandar ɗaki, a ƙarƙashin guda goma sha ɗaya da na soke.