Kwanon Kirsimeti, gidan wa zai shiga?

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Hunturu ya kankama, teloli sun daina ɗaga waya, maza sun fara haɗa kuɗin watanda. Kafin mu ɗora tukunya ina so mu yi magana a kan kwanon da muke aikawa maƙwabta, don abin yana ci mini rai tun bara.

Ni a Tudun Wadar Kaduna na tashi. Ranar jajibirin Kirsimeti Baba ba ya yanka kaza da hannunsa. Yayana yake turawa ya kira malamin gidan da ke kallon namu ya zo ya yanka, don kada gobe a kai abinci wani gida a karɓa da fara'a a ajiye ba a ci ba. Da an taso sujada Mama za ta jera kwanuka a tsakar gida, shinkafa da miya, cincin a ƙulle a leda, ta riƙa kiran sunan gidaje muna ɗauka. Kwano bai taɓa dawowa wayam ba, ko gyaɗa ce sai an zubo, ga tukuicin ɗan aike. Ran Babbar Sallah kuwa naman layya har sai mun ture.

Rikicin addini na Fabrairun 2000 ne ya tashe mu, na Nuwamban 2002 ya kwashe sauran da suka daure. Muka tsallako kogi, mu Narayi, wasu Sabon Tasha, wasu Unguwar Romi, su ma Musulmin wannan ɓangaren suka koma can. Yau akwai samari da gemu a cocinmu da ba su taɓa sallama a ƙofar gidan Musulmi da kwano a hannu ba. Wannan ciwo ne babba, amma wanda ya fi kusa da ni shi ne abin da na yi da hannuna.

Bara kwano tara na fitar. Gidan Baba Fasto, gidan shugabar Zumuntar Mata, mai gidan da muke haya, ƙawayena na ƙungiyar waƙa. Babu gida ɗaya a ciki da ba a ɗora shinkafa ba ranar. Kafin yamma teburina ya cika da kuloli, wannan dafa-duka, wancan soyayya, ga shi ba wuta, washegari rabi ya lalace. Da safen nan kuwa mai ga-ruwa ya turo mini kura har sawu biyu, ƙafarsa duk kaushi ta tsage, ya tsaya bakin ƙofar kicin yana juye jarkoki, ƙamshin miya na dukan hancinsa. Na biya shi, har da neman ragi. Ko a raina bai zo ba in ce, "Malam, zauna ka ci." Sai da nake zubar da abincin nan na tuna fuskarsa.

Yesu ya yi maganar wannan ƙarara a Luka 14:12-14. Ya ce in za ka yi biki kada ka tsaya kan abokanka da danginka da maƙwabta masu hali, don su ma za su gayyace ka, ka ga an biya ka ke nan. Ka kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin ramawa. Abin da na yi bara, ba ni gishiri in ba ka manda ne. Zumunci ne, ban ce laifi ba ne, amma kada in ruɗi kaina in ce hidimar Ubangiji na yi.

Ku duba ma iyalin da muke wa bikin. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, Luka 2:24. Littafin Firistoci 12:8 ya nuna wannan hadayar wadda ba ta da halin ɗan rago ce. Da a ɗakin bayan gidanmu suke haya, anya da sunansu ya shiga lissafin kwanukana?

Irinsu suna nan kewaye da mu. Akwai dattawan Kakuri da suka ƙarar da ƙarfinsu a masaƙu, aka rufe aka bar su. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Kajuru da Chikun, suna raɓe a ɗakin dangi. Akwai gwauruwar da ke zama a bencin baya, ta fice kafin a gama albarka don kada a ga zanenta na bara ne.

Na san za a ce rayuwa ta yi tsada, kuma gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 mudu ya fi ƙarfin da yawanmu. To, gwauruwar Markus 12 anini biyu ta jefa. Wadda ta iya kitso ta yi wa marainiya. Saurayi ya ɗebo wa tsohuwa ruwa, ya wanke mata kaya. Rigar sanyun da ta matse ɗanka tana ƙasan akwati, ga yaro a layinku yana rawar ɗari, Yakubu 2:15-16 ya riga ya faɗi amfanin ce masa "Allah ya rufa asiri" hannu wofi. Don Allah kuma a ajiye waya a aljihu. Wanda aka ɗauki hotonsa riƙe da mudun shinkafa aka sa a Facebook, da mutuncinsa ya biya. Hannun hagun da Matiyu 6:3 ya ce kada ya sani, yanzu shi ke riƙe da wayar.

Bana na riga na yi magana da mahaucin bakin kasuwa, shi zai yanka. Kwanon farko na mai ga-ruwa ne. Na biyu autana zai ɗauka, mu hau keke mu tsallaka gada zuwa Tudun Wada. Malamin da yake mana yanka ya rasu, amma an ce Inna tana nan a gidan, ido ne kawai ya yi rauni. Yaron ya tambaye ni me zai ce in ya isa ƙofa. Na ce ya yi sallama, ya ce jikan Maman Ladi ne.