Bangon ma naka ne kai kaɗai?

Wai har yanzu akwai masu kare mutumin nan da bindigarsa ta tashi a rukunin gidajenmu. "Ai yana da lasisi." To madalla! Lasisin ne ya tare harsashin da ya huda bango ya faɗa ɗakin yaran maƙwabcinsa? Allah ne kawai ya kiyaye, yaran suna makaranta. Shi kuwa gogan ya ce wai goge ta yake yi ta tashi. Goge bindiga da harsashi a ciki. Sannu gwani!

Maganata ɗaya ce. Idan bangonku ɗaya da mutane, matakalarku ɗaya, wurin ajiye motocinku ɗaya, to bindigar nan ku duka kuke kwana da ita, amma kai kaɗai ka yanke shawara. Ba wanda ya tambayi matar da ke barci a bayan bangonka ko ta yarda.

Masu cewa matsalar rashin horo ce, ku tuna Dallas ta Amurka a 2018. 'Yar sanda ce fa, Amber Guyger, mai horo, mai izini. Ta taso daga aiki ta hau hawa na huɗu maimakon na uku, ta shiga gidan Botham Jean tana zaton nata ne, ta harbe shi har lahira a falonsa. An yanke mata shekara 10 a 2019. Ba don bindigar ba, da an ƙare da "yi haƙuri, na yi ɓatan ƙofa". Haka Trayvon Martin, ɗan shekara 17, a Sanford ta jihar Florida a 2012. A cikin rukunin gidaje mai katanga da ƙofa aka kashe shi, kuma ɗan sa-kai mai sintirin unguwa ne ya harbe shi, shi ma da lasisinsa.

"To ɓarayi fa?" Naji. Ɓarawon ne ya huda bangon yaran nan? "Haƙƙina ne." Ko kotun ƙolin Amurka da ta tabbatar da haƙƙin ajiye bindiga a gida a 2008 ta ce haƙƙin yana da iyaka. Ka fi su son bindiga ne?

Wallahi ba wasa nake ba. Uwar yaran nan ta janye gadajensu daga jikin bango, tana shimfiɗa musu a falo. Idan dole sai ka ajiye bindigar, ka kulle ta a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wurin daban, kuma kada mu gan ta a ƙugunka a tsakar gida inda yara ke wasa.

Kwamitin mazauna kuma, ku da kuka iya kiran taron gaggawa a kan shanya a baranda, yanzu ko tari ba ku yi ba. Af, ƙwan fitilar matakala ma har yau a mace yake, kuma kuɗin wata ba ku taɓa mantawa da karɓa ba.