Shawara ba baƙuwa ba ce a gidajenmu

A wani zama da muka yi da matasa a nan jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, wani ƙanena ya ce dimokuraɗiyya rigar aro ce, Bature ya kawo ta, don haka ba za ta taɓa zauna mana a jiki ba. Na yarda cewa akwatin zaɓe da jam'iyyu daga waje suka zo, amma ban yarda cewa kakanninmu ba su san a ji ta bakin jama'a kafin a yanke hukunci ba, ko kuwa ba su da hanyar da za su tsawata wa mai mulki idan ya kauce.

Ina yaro a ƙauyenmu da ke kusa da Mai Wurno, shanun wasu makiyaya suka shiga gonar dawar maƙwabcinmu, har aka fara zare sanduna. Sai dattawan da ake kira ajawid suka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, aka yi zaman sulhun da mutanen ƙasar nan ke kira judiyya. Shehun gari bai buɗe baki ba sai da mai gona ya faɗi nasa, makiyayi ya faɗi nasa, har wani tsoho mai sayar da gawayi, wanda ba shi da ko akuya, ya yi gyara a kan iyakar burtali, aka kuma karɓi gyaran. An sha shayi sau biyu kafin shehun ya tambaya: "Akwai wanda ya rage da magana a cikinsa?" Da aka yi shiru ya faɗi abin da taro ya riga ya tsayar, aka shafa fatiha.

Wannan ba namu ba ne mu kaɗai. Maƙwabtanmu Oromo na Habasha suna da tsarin Gada, inda shugabanci ke komawa hannun wani rukuni duk bayan shekara 8, kuma UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2016. A tsohuwar daular Oyo, majalisar mutum bakwai ƙarƙashin shugabanta Bashorun tana iya aika wa Alafin, wato sarkin Oyo, ƙwarya wofi, alamar cewa jama'a sun ƙi shi. A Kano, Muhammadu Rumfa ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma har yau Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki. Ko sarakunan Funj da suka mulki Sinnar daga 1504 zuwa 1821, manyan fada suna iya tuɓe su.

A ganina, babbar ɓarnar da mulkin mallaka ya yi ita ce juya fuskar sarki. Da can yana tsoron majalisarsa da malamai da talakawan da za su iya yin ƙaura su bar masa kufai, sai ya koma tsoron Razdan a Najeriya da mufattish, wato jami'in mulkin mallaka na gunduma, a Sudan, domin su ke naɗawa su ke cirewa.

Duk da haka ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Bawa ba shi da wuri a kan waccan tabarma, mace ma haka. Mahaifiyata ta fi kowa sanin tarihin iyakar waccan gona, amma daga bayan danga ta saurari zaman, sai da dare ta faɗa wa mahaifina inda aka yi kuskure. Duk mai kiran a koma ga gado, wajibi ne ya faɗa mana inda zai zaunar da irinta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, na ga matasan unguwanni sun kafa tukwanen ciyar da jama'a da ake kira takaya, bisa tsohuwar al'adar nafir, wato gayya. A wadda na fi sani, kowace yamma ana zama a lissafa buhunan adas (wani nau'in wake) da gawayin da suka rage, a yi gardama a kan layin da za a fara kai wa abinci gobe, kuma littafin kuɗin yana hannun wata malamar firamare da taro ya zaɓa ta hanyar ɗaga hannu.