Mace a kan tambari, maza a kan kujera

Ana yawan nuna min tambarin wasu ƙasashe masu ɗauke da hoton mace a ce: ga su nan, su ne suka san darajar mace. Ni dai ban yarda ba.

A ɗauki Faransa. Duk takardar da ta fito daga gwamnatinsu za ka ga fuskar wata mace fara tsakanin shuɗi da ja. Marianne ke nan. Tun 1792 aka sa mace a hatimin jamhuriyar, riƙe da mashi, an kafa hular 'yanci a tsininsa. Yau tana kan kan-sarki, tana kan ƙananan sulallan Yuro na ƙasar, ga gunkinta a ofisoshin magadan gari. Amma matan Faransa na zahiri, masu jini a jika, sai a 1944 aka yarda su jefa ƙuri'a. Shekara 152 ana sara wa mace ta ƙarfe da dutse, mai rai kuwa ko kusa da akwatin zaɓe ba ta zuwa. Har gobe kuma mace ba ta taɓa shugabantar ƙasar ba.

Na Suwizalan ya fi ban dariya. Macen tambarinsu, Helvetia, tana tsaye a kuɗinsu da mashi da garkuwa, amma sai 1971 mata suka sami ƙuri'a a zaɓen tarayya. Wani yanki ma ya turje, sai da kotun tarayya ta tilasta masa a 1990. Amurka ta kafa gunkin macen nan mai riƙe da fitila a 1886, ƙuri'ar mata a faɗin ƙasar sai 1920.

Dalilin ba boyayye ba ne. Waɗannan matan ba su da iyaye, ba su da gida, ba su da baki. Ba za su nemi gado ba, ba za su nemi kujera ba. Girmama su kyauta ne. Kuma in yaƙi ya taso, babu abin da ke tunzura saurayi kamar a ce masa uwarsa ce ake shirin ci wa mutunci.

Inda na ga tambarin da ke da nama a jiki shi ne Eswatini, tsohuwar Swaziland. Garkuwa ce a tsakiya, zaki a gefe guda, giwa a ɗaya gefen. Zakin sarki ne, giwar kuwa uwar sarki ce, wadda sarautarta ake kira Ndlovukati. Mace ce mai rai, da fadarta da mutanenta, kuma in sarki ya rasu magaji bai kai ba, ita ke riƙon ƙasa. Labotsibeni ta riƙe daga 1899 zuwa 1921, ita ta yi ta ja-in-ja da Turawa kan filaye kafin jikanta Sobhuza na Biyu ya karɓa. Da ya rasu a 1982, matarsa Dzeliwe ta riƙe, aka ture ta cikin rikicin fada, Ntfombi ta karɓa har ɗanta Mswati na Uku ya hau a 1986. Lura fa, ba a ture wanda ba shi da iko. Ban ce macen ƙauye a can ta huta ba, mulki ne na sarki mai wuƙa da nama. Amma dai giwar nan ba ado ba ce.

Mu ma mun san irin wannan: Magajiya a Daura, Inna a Gobir, Iya a Maraɗi. Sarautu ne da aka san masu riƙe da su da suna. Sai ka zaro kuɗi daga aljihu ka duba. Bayan naira 10 'yan matan Fulani ne ɗauke da ƙwaryar nono, ba wanda ya san sunansu. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, ita ce aka rubuta sunanta, ita ma a bayan takarda, a naira 20 da yanzu ko fiya wata ba ta saya a garuruwa da yawa.