Furar gero ma tana wannan aikin

Wani labari ya ce shan ruwan sukari yana taimaka wa masu gudun da ake yi da ƙarfi, a ɗan huta, a sake. Gaskiya ne, irin wannan gudu sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta yake ƙonawa, shi ya sa ƙafa ke mutuwa a zagayen ƙarshe. Amma in atisayen bai kai awa ba, abincin da ka ci kafin ka fito ya isa. Sai ya wuce awa ake maganar shan sukari giram 30 zuwa 60 kowace awa. Samarinmu na filin wasan Maraɗi, ku bar ɓarnar kuɗi a lemun gwangwani. Dabino da fura suna nan, ga araha. Da zafin watan Afrilu kuwa, ƙishirwa za ta riga yunwa kayar da mutum.